Injin Joanna Yana Wurina Kiwo

Talata, 1 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Yau kwana shida Joanna ba ta zo makaranta ba. Malamin aji ya kira sunanta sau biyu, sannan ya ɗaga kai ya dube ni, don kowa ya san tun aji ɗaya benci ɗaya muke zama. Na sunkuyar da kai ina gyara murfin biro.

Da aka tashi na bi ta gidansu. Ban ji ƙarar injin saƙarta ba. Kullum tun daga wajen mai niƙa ake jin shi, shaa, shaa, kamar ana sharar tsakar gida. Na same ta zaune a ƙasa cikin babbar suwetar nan mai ruwan toka da ta saƙa wa yayanta, ga shi yau rana ta fito sosai. Ta rufe injin da zani. Ta ce warin man injin ne yake tayar mata da zuciya yanzu.

Na ce ko zazzaɓi ne. Ta dube ni har sai da na ji kunyar tambayar.

Ba zan rubuta abin da ta faɗa mini ba. Ƙannena suna buɗe jakata.

Alhamis, 3 ga Yuli, kafin a tafi makaranta

Na karanta shafi ɗaya sau huɗu, ban san abin da ke cikinsa ba.

Asabar, 5 ga Yuli, da yamma

Babanta, Baba Gershon, ya sani tun Laraba. An yanke magana: ranar ashirin da ɗaya ga wata za a kai ta Kujama wurin Anti Lucia, ƙanwar mamanta. Ba wanda ya ce har yaushe.

Joanna ta ce, "Hefzi, ki karɓi injin. Baba ya ce ba ya son ganinsa a gidan. Idan ba ki ɗauka ba, zai ba duk wanda ya fara wucewa."

Na ce ban iya kamar ta ba.

"Kin iya hula. Kin iya safa. Riga ce kawai take ba ki wahala, kuma hannun rigar ne, ba rigar ba. Abeg, don Allah kada ki sa in roƙe ki."

Shekara biyu tana zuwa yankan citta kowane hutu kafin ta sayi injin nan. Na tuna yadda yatsunta suke yin zafi har ba ta iya riƙe biro idan an koma makaranta. Tana saƙa kayan jarirai, hula da safa da riga, ta kai shagon Hajiya Mero mai sayar da ulu a kasuwa. Hajiya tana rataye su a bakin shago, matan da suka fito daga awon ciki ranar Talata su biyo su saya. A bakin kowace hula Joanna tana sa layi ɗaya na rawaya, ko da hular shuɗiya ce ko fara. Da shi ake gane nata.

Ta zaunar da ni gaban injin, ita ta tsaya daga bakin ƙofa ta toshe hanci da gefen suweta tana ba ni umarni. Sau uku saƙar tana zubewa daga allurai. A na ukun ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta na manta.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan sujada

Wurin Joanna a cikin mawaƙan coci babu kowa. An karanta sanarwar horon da ikkilisiya ta yi mata bayan wa'azi. Ta tashi tsaye, ta koma benci na ƙarshe kusa da ƙofa, inda za ta riƙa zama.

Shi wancan da suka yi abin tare yana Abuja. Ba a karanta sunansa ba, ni ma ba zan rubuta shi ba.

Da aka tashi na juya zan je wurinta, Mama ta riƙe mini gefen zani. Na tsaya.

Na tsaya.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu da rabi

Na je wurin Hajiya Mero da huluna biyu da na saƙa. Na yi minti goma a bakin shagon kafin in iya yin sallama. Ta juya su ciki da waje, ta ja bakin ɗaya ta ga ko zai koma.

"Ba laifi. Ke ce mai shirun nan da ke riƙe mata leda ko? Ya sunan naki?"

Na ce Hefziba.

"To Hefziba, ni ba na rataye kayan da ban san mai shi ba. Gobe wani ya zo ya ce na 'yarsa ne, jibi wata ta zo ta ce na 'yarta ne, ni ina tsakiya da ulu a hannu. Ku rubuto mini a takarda, wa ke da inji, wa ke saƙa, wa zan miƙa wa abin da aka samu. Ba ku ne 'yan boko ba?"

Da zan tafi ta tambaye ni ko Joanna tana cin abinci. Ta ƙulla mini tsamiya a leda ta ce in kai mata, ta riƙa tsotsa da safe. Ban gaya mata komai ba, amma ta sani.

Laraba, 9 ga Yuli, da yamma

Baba Gershon ya kira ni falo. Bai taɓa yi mini magana fiye da gaisuwa ba. Yana zaune da Littafi Mai Tsarki a rufe a kan gwiwarsa.

Ya ce, "'Yata, injin nan shi ya fitar da yarinyar nan daga gida. Yau kasuwa, gobe kasuwa, ta sayi waya da kanta, ba ta tambayar kowa komai. Ga inda ya kai mu. Ba na son ko kwabo a kansa. Na ba ki kyauta. Amma ki rubuta cewa ya fita hannunta, ya fita ke nan."

Ba ya kiran sunanta yanzu. Idanunsa sun yi ja, kamar wanda ya daɗe a kusa da hayaƙi.

Na ce to, Baba.

Zan rubuta gaskiya a nan tunda ba wanda zan gaya wa. A hanyar gida na yi murna. Na ga kaina da inji nawa, na ga ina biyan kuɗin jarrabawar fita da kaina ba tare da Mama ta sayar da masara ba. Har na fara tunanin launin da zan sa a bakin hula maimakon rawaya. Sai da na kai ƙofar gida na tuna dalilin da ya sa ake ba ni. Ubangiji ya gafarta mini.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan makaranta

Na tambayi Malam Yafet, mai koya mana darasin kasuwanci, yadda ake rubuta yarjejeniya. Ban ce tawa ba ce. Ya ji daɗin tambayar, ya buɗe mini bayan littafi inda akwai misalin takardar miƙa dukiya, ya ce duk yarjejeniyar kirki dole ta kasance ba ta bar wata ƙofa a buɗe ba.

Na kwafe ta da kyau da Turanci, na canza sunaye kawai. Na duba ƙamus sau bakwai. Na kai aka buga mini a kwamfuta, kwafi biyu. Mai bugawar ya ce ko lauya ne ya rubuta. Ban taɓa yin aikin da ya yi tsabta haka ba.

Asabar, 12 ga Yuli, da rana

Na yi niyyar in nuna wa Joanna tukuna, amma Baba Gershon na tarar a bakin ƙofa yana wasa fartanya. Ya karɓi ɗaya, ya sa tabarau, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Ya ce, "Wannan ita ce yarinyar da ta je makaranta don karatu." Ya ninke ta ya sa cikin Littafinsa. Ya ce Asabar mai zuwa za a kira Dattijo Azariya na ikkilisiyarmu ya zama shaida, kowa ya sa hannu.

Na shiga ɗaki na ba Joanna ɗayar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Ta sa yatsa a kan layin da ya ce ita da magadanta ba su da sauran haƙƙi a kan injin har abada.

"Magadana," ta ce. Ta ɗora hannu a kan suwetar, ta sauke.

Na ce haka yake a littafi, ba ni na ƙirƙira ba.

"Na ce ki riƙe mini, Hefzi. Ban ce ki binne ni ba."

Ta miƙo mini takardar, ta juya fuska ga bango. Na tsaya ina jira ta ƙara wani abu, ko zagi ne. Ba ta ƙara ba. Ledar tsamiyar Hajiya tana kan taga, ta kusa ƙarewa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ba ta zo sujada ba. Benci na ƙarshe ma babu kowa.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

An fara jarrabawa. Jiya Baba Gershon ya turo injin a baro har gidanmu, da kansa. Mama ta share masa wuri kusa da taga, ta shimfiɗa sabon buhu a ƙasa, ta kira maƙwabciya ta gani. Ta ce Allah ba ya manta marar ƙarfi. Na san tana nufin mu. Tun rasuwar babana ba ta taɓa samun abin da ya shigo gidan nan ba tare da ta yi gumi a kansa ba, shi ya sa ban iya ce mata komai ba.

Na saƙa hula ɗaya, koriya. Sai da na cire ta daga injin na ga na sa layin rawaya. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauko zaren ba.

Alhamis, 17 ga Yuli, ƙarfe shida

Na kai wa Hajiya Mero takardar ta gani kafin Asabar. Ta ce in fassara mata. Ina fassarawa tana warware ulu, har na zo wurin har abada. Ta ajiye ulun.

"Ita Joanna ta ce haka?"

Na ce babanta ne.

"Babanta ne ya yanka citta? Ni na kai ta wurin mai injin nan. A ƙulle cikin hankici ta kawo kuɗin, duk warin citta suke yi. Ki mayar da takardarki jaka, 'yata. Turancin ya yi kyau. Ba zan rataya ko safa ɗaya a kanta ba."

Na yi kuka a gaban mutane, a tsakiyar kasuwa. Ta ba ni kujera ta ci gaba da sallamar masu saye kamar ba ta gani ba, har na gama.

A gida na tarar an kira Mama daga Fadan Kaje. Akuyar Kaka da ke wurin wani ɗan'uwanmu kiwo ta haifi biyu. Mama tana lissafawa da baki: ɗaya na mai kiwo, ɗaya na Kaka, uwar kuma tana nan ta Kaka, ko shekara goma za ta yi a can. Na ce, ko an rubuta? Mama ta ce wa ke rubuta abin da kowa ya sani.

Na daɗe zaune ina kallon injin.

Juma'a, 18 ga Yuli, da yamma

Na yage takarda daga tsakiyar littafin lissafi na rubuta wata, da Hausa, da hannuna. Ba ta kai rabin shafi ba. Na tafi gidansu ta bayan gida don kada a gan ni. A'a, ba haka ba ne. Don kada Mama ta gan ni.

Joanna tana ninke kaya a cikin jaka. Ba ta amsa gaisuwata ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na karanta da ƙarfi kamar a gaban aji:

"Injin saƙa na Joanna Gershon ne. Yana wurin Hefziba kiwo. Abin da ya haifa, a raba biyu bayan an cire na ulu, Hajiya Mero ta ajiye rabon Joanna. Hefziba za ta sa masa mai kowace Asabar, allurar da ta karya ita za ta saya. Ba za a daina sa layin rawaya ba."

Ta ce, "Ya haifa? Injin nawa akuya ne?"

Na ce e.

Ta zauna a bakin gado tana dariya, daga nan dariyar ta zama wani abu dabam. Na zauna kusa da ita. Na ce saura abu ɗaya, Malam Yafet ya ce kowace yarjejeniya tana da ranar ƙarewa. Yaushe za ki dawo?

Ta ci gaba da ninke zani ɗaya da ta riga ta ninke.

"Ki tambayi mai gidan," ta ce.

Na rubuta: "Ranar dawowa," na ja layi, na bar shi babu komai.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyar



Mun taru a falonsu da ƙarfe biyu: Baba Gershon, Maman Joanna, Dattijo Azariya, Mama, da ni. Joanna tana tsaye a bayan labule, ana ganin ƙafafunta. Dattijo ya yi addu'a. Baba Gershon ya zaro takardar kwamfuta daga Littafinsa ya shimfiɗa a tebur, ya miƙo mini biro, ya ce in fara.

Na riƙe biron. Na ji Mama tana taɓa ni da gwiwar hannu. Na ce, "Baba, ba zan sa hannu ba." Ban ji muryata ba, sai da Dattijo ya ce in ɗaga murya, kunnensa ɗaya ya tsufa.

Na sake faɗa. Na ce takardar nan kuskurena ce, na kwafo ta daga littafi. Na ce injin ba nawa ba ne kuma ba na Baba ba ne, ba zai iya ba ni abin da ba nasa ba. Wannan na ƙarshen ban shirya faɗinsa ba, fitowa ya yi. Mama ta ce, "Hefziba," a hankali, irin yadda take faɗa idan za a yi maganar a gida.

Na ciro tawa na karanta. Da na zo wurin kiwo, Dattijo Azariya ya cire hularsa ya sosa kai.

Baba Gershon ya koma yarenmu na Jju, yana magana da sauri da Dattijo. Ya ce shi ba zai ajiye wa yarinya igiyar da ta ja ta zuwa rami ba. Ya ce mutane suna nuna shi da baki a hanyar gona. Ya ce shekara ashirin yana koyar da ajin Lahadi.

Dattijo ya bari ya huce. Sannan ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Gershon, jar akuyarka shekara nawa take wurina?"

"Huɗu."

"Bara ta shiga gonar mutane ta ci rogo, har aka kai ni gaban mai unguwa. Ka tuna? Na sha kunya a kanta. Ka ce mini in yanka ta?"

Dattijo ya ci gaba.

"Cewa ka yi in ɗaure ta kusa da gida har a yi girbi. To ni ban ga laifin takardar yarinyar nan ba. Turancin waccan ne ma ban gane ba."

Baba Gershon ya tashi. Ya ce mu yi abin da muka ga dama, tunda yanzu yara ke koya wa manya. Ya ɗauki fartanya ya fita, ana yayyafi.

Dattijo ya sa hannu. Na sa. Joanna ta fito daga bayan labule ta sa nata ba ta kalli kowa ba. Mamanta ba ta rubutu, sai ta shafa tawadar biro a babban yatsa ta dangwala, ta danna sosai har takardar ta huje kaɗan. Na bar layi ɗaya da sunan Baba Gershon a ƙasa.

A hanya, da muka kai wajen mai niƙa, Mama ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Rabi ma abu ne." Can kuma ta ce, "Ashe kina da baki."

Litinin, 21 ga Yuli, bayan makaranta

Ta tafi. Na raka ta tasha da kayan makaranta a jikina, ta babbar hanya. Mamanta ce ta kai ta. Babanta ya tafi gona tun kafin gari ya waye.

Ta taga Joanna ta ce mini, "Hannun riga, ki rage idon saƙa biyu-biyu, ba uku ba."

Na makara jarrabawar farko ta yau da minti ashirin.

Laraba, 23 ga Yuli

Na karya allura biyu. Na saya.

Asabar, 26 ga Yuli, da yamma

Takardar tana wurin Hajiya Mero, cikin gwangwanin da take ajiye maɓallai. Ta rataye huluna shida da riga ɗaya. Rigar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan, ta ce jarirai ba sa kai ƙara.

Na sa wa injin mai. Warin bai dame ni ba, amma na tuna.

Asabar, 2 ga Agusta, ƙarfe shida

Ina shagon Hajiya ina zaɓar ulu sai ga Baba Gershon da laima a hammata. Bai taɓa shiga layin masu ulu ba. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon hulunan da ke rataye. Ya kama bakin ɗaya, ya shafa layin rawayan da babban yatsa.

Ya ce wa Hajiya yana son ganin takardar. Ta buɗe gwangwani ta ba shi. Ya sa tabarau ya karanta a tsaye, mutane suna ture shi suna wucewa. Ya nemi biro. Ya sa hannu a layinsa a kan katakon shagon.

Bai mayar da takardar ba. Ya nuna mini wurin da na ja layi.

"Nan fa? An bar shi haka?"

Na ce ban san abin da zan rubuta ba, Baba.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya miƙo mini biron.

"Ki sa, kafin a shuka citta." Ya gyara laimar. "Hannu yana yi mana kaɗan a lokacin."

Na rubuta. Ya duba ya ga na rubuta daidai, ya tafi bai yi sallama ba.

Hajiya ta ba ni wayarta na kira lambar Anti Lucia. Da aka ba Joanna na karanta mata layin, na gaya mata wanda ya faɗa. Ina jin kaji a can bayanta.

Sai ta ja hanci ta ce, "Kin sa wa injin mai?"

Na ce yau Asabar, na sa.